Da gaske Betamax ya fi VHS, taron dangi ne kawai ya kayar da shi?

Malam Habibu: Ina nan a kan bakata cewa Betamax, tsarin kaset ɗin bidiyo da kamfanin Sony ya fitar a 1975, ya fi kishiyarsa VHS na kamfanin JVC inganci, kuma bai faɗi ba sai da JVC ya tara masa kamfanonin Matsushita da Hitachi da Sharp suka cika kasuwa da na'urorinsu. Duk wanda ya kalli biyun ya san hoton Betamax ya fi fitowa tar.

Hajiya Rabi: Malam, ai inganci bai tsaya ga hoto ba. Kaset ɗin Betamax na farko awa ɗaya kawai yake ɗauka, alhali VHS da ya fito a Japan a 1976 yana ɗaukar awa biyu, wato cikakken fim ko wasan ƙwallo. Mutumin da ya saita na'ura ya fita, ya dawo ya tarar zare ya ƙare ana tsakiyar wasa, wane amfani kyan hoto ya yi masa?

Injiniya Usman: Ya kamata mu duba cikin na'urar. Dukansu zaren rabin inci suke amfani da shi, kuma dabararsu ɗaya ce: zaren yana naɗewa a jikin wata ganga da aka ɗan karkata, ita kuma tana juyawa da sauri, kawunan da ke jikinta suna rubuta hoton a layuka na karkace, don haka zaren ke tafiya a hankali amma ya ɗauki bayani mai yawa. Gangar Betamax ta fi faɗi, a nan Malam ya yi gaskiya. Sai dai tazarar kyan hoton ba ta taka kara ta karya ba, a ma'aunin fitowar hoto tar layi kusan 250 ne na Betamax a kan 240 na VHS, kuma da Sony ya rage gudun zaren domin ya kai awa biyu, wannan ɗan fifikon ya kusa ɓacewa.

Malam Habibu: Na karɓi batun gudun zare, Injiniya, amma ban janye maganar taron dangi ba.

Hajiya Rabi: Shi ma Sony yana da Toshiba da Sanyo a bayansa, Malam. A 1977 kamfanin RCA ya shigar da VHS mai ɗaukar awa huɗu Amurka, kuma a 1988 Sony da kansa ya fara sayar da na'urorin VHS.