Waɗanda suka zauna ƙasar waje, yaya kuka yi da yarensu da al'adunsu?

Mai tambaya, daga ƙauyen Ringim: Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, bayan an gama girbi zai tashi. Yaron ya haddace Alƙur'ani, nahawu kuma ba a magana, amma ko birnin Kano bai taɓa yin mako guda ba. Inna ta kasa barci. Waɗanda suka zauna waje, don Allah ku ba mu labari.

Tsohon ɗalibi, Ɗambatta: Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka. Ka gaya masa Larabcin littafi na aji ne, na kasuwa daban. Ranar da na sauka Jidda ƙishirwa ta kama ni, na shiga shago na ce "uridu ma'an", har da tanwini. Mai shagon ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wai ya zo ya ji wani yana magana kamar mai huɗuba. Su "abgha moya" suke cewa. Sai da na yi kusan wata shida kunnena ya buɗe, kuma a wurin masu tasi da masu sayar da gurasa na koya.

Sai gahawa. An gayyace ni wani gida, ana zuba min ɗan kaɗan a finjali, ko rabi ba ya kaiwa, har na ce a raina mutanen nan da rowa suke. Ina shanyewa in miƙa, a sake zubawa. Kofi bakwai na sha don kunya. Ashe in ka ƙoshi girgiza finjalin ake yi kafin a mayar. Daren nan idona biyu aka kira asalatu.

Hajiya, Gwaram: Ɗana, shekara takwas na yi a Makka ina aiki a wani gida. Ni ban yi makaranta ba, a bakin yaran gidan na ɗauki Larabci, don yaro ba ya jin nauyin yi maka dariya, yana dariyar yana gyara maka. Abin da ya fi ba ni wahala ba yaren ba ne. Uwar ɗakina ta tambaye ni sunan ɗan farina. Ni da ban taɓa kama sunan yaron nan da bakina ba! Na yi ta kewaye-kewaye, ta zaci ɓoye mata wani abu nake. Da ƙyar na faɗa ƙasa-ƙasa. Daga ranar "Ummu wane" take kirana a gaban kowa, wai girmamawa ce. Na fi wata uku in ta kira sai na sunkuyar da kai.

Kuma ya yi hankali da zama cikin 'yan gida kaɗai. Na san Takarin da suka haura shekara ashirin a can, Larabcinsu bai wuce "kam" (nawa) da "mafi mushkila" (ba matsala) ba.

Dillalin shanu, Maigatari: Ku da kuka hau jirgi ma kenan. Ni nan Damagaram na sha kunya, da Hausata garau. Mai shayi ya ce "dala ashirin", na tsaya laluben sefa 20. Ashe dala ɗaya sefa 5 ce, 100 yake nufi. Jika kuma 1,000. Makaranta su ce lakwal.

Direba, Rano: A Kumasi in ka tarar da dattawa a zaune, daga hannun dama ake fara musabaha a zaga zuwa hagu. Ni na zarce wurin wanda ya fi furfura a tsakiya, aka bi ni da ido. "Medaase", wato na gode, ita na fara riƙewa. Hausar zango kuwa mace ma "ya zo" ake ce mata, na gyara na gyara har na haƙura.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Inna bayan isha'i, labarin Hajiya ya sa ta dariya har da hawaye, ta ce ita kam ko a Makka ba mai sa ta faɗi sunana. Yanzu tambayarta ɗaya: kuka da daddawar da ta ƙulla masa, za a bar shi ya wuce da su a filin jirgi?