Wace kalma za mu ba "parish" na ƙauyukan Ingila?

'Yan uwa masu aikin fassara, ina cikin fassara wani rubutu kan ƙauyen Eyam da ke Derbyshire a Ingila, sai kalmar parish ta tsaya mini a wuya tun shekaranjiya.

Da fari na sa "ƙauye", amma bai cika ma'anar ba, domin parish ya haɗa gidajen da gonakinsu da makiyayarsu har zuwa iyakar da aka kafa wa duwatsu. Asalinsa yanki ne da coci ɗaya da limaminsa ke kula da shi, mazauna wurin suna biyan ushirin amfanin gona. A 1538 Thomas Cromwell, babban ministan Sarki Henry VIII, ya umarci kowane coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, sannan dokar 1601 ta ɗora wa yankin nauyin ciyar da matalautansa.

Iyakar nan ce ta fi ja mini hankali. Bayan da annoba ta shiga Eyam a 1665, limamin cocin, William Mompesson, ya shawo kan jama'a suka killace kansu, kuma har yau akwai dutsen iyaka mai ramuka inda suke ajiye kuɗi cikin ruwan khal, maƙwabta su bar musu abinci su koma. Duk kalmar da ba ta ɗauke da ƙasa da iyaka ba za ta iya ba da wannan labari ba.

Shi ya sa ban karɓi "ikklisiya" da wani malaminmu ya kawo ba, Allah ya ƙara masa lafiya: ikklisiya jama'a ce, ba fili ba. "Mazaɓa" kuwa warin siyasa take yi.

Na tsaya a kan "gunduma", amma da rabe-rabe, saboda dokar 1894 ta raba abin gida biyu, ta ba ƙauyuka majalisun da ba ruwansu da coci. Wanda ke hannun limami mu kira shi "gundumar coci", na hukuma kuma "gundumar ƙauye". Abin da ke damuna kawai shi ne, Bahaushe na jin gunduma sai ya hango hakimi da dagatansa, alhali wani parish ɗin bai kai ƙasar dagaci ɗaya yawan mutane ba. 'Yan uwa, ko kuna ganin "ƙauye" da ke biye ya isa ya rage mata girma?