Ɗana yana son zama hafsan sojan Jamus, in sa masa hannu?

Baban Sadiƙ: Assalamu alaikum jama'a. Babban ɗana zai gama Abitur, wato jarrabawar kammala sakandare, bana, bai cika 18 ba, shi ya sa sai da sa hannuna. A nan aka haife shi, fasfon Jamus gare shi. Ya ƙwallafa rai sai ya zama hafsan soja, kuma a ɓangaren masu leƙen abokan gaba, waɗanda ke shiga motar nan mai sulke da ake kira Fennek. Ya ce za a kira shi gwaji a Kolon, in ya ci akwai jami'a kyauta ga albashi, amma zai ɗaure kansa shekara 13. Mahaifiyarsa ta daina cin abinci. Tambayata biyu ce: mene ne aikin takamaimai, kuma in ya shiga ya ga ba zai iya ba, akwai ƙofar fita? Wanda ya gani da idonsa nake so.

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Alhaji ka tura shi koyon aikin lantarki kawai. Shekara uku da rabi ya zama mutumin kansa. Nawa haka ya yi, yanzu shi ke biya mini kuɗin jirgi.

Zango Boy: In dai ya shiga, ku tabbatar ya hau jirgin Munster ta jihar Niedersachsen inda ake horar da su, ba Münster mai jami'a da kekuna ba. Na taɓa ɗauko wani yaro da jakarsa a tasha, ya sauka a garin da ba shi ba. Mai leƙen asirin da ya ɓata tun ranar farko!

Malam Habu: Alhaji, ni a Lüneburg nake, akwai bataliyarsu a nan, kuma mijin 'yata saje ne a cikinsu. Fennek mutum uku take ɗauka: kwamanda, direba, da mai duba na'ura. Tana da wani ƙarfe da ke miƙewa sama ɗauke da kyamara, motar na ɓoye a bayan tudu suna kallon nesa, dare ko rana. Yawanci mota biyu ke fita tare. Su wuce gaban kowa, su laɓe kwana da kwanaki, ba wuta ba hayaniya, su riƙa aiko da rahoto. Surukina ya ce ranar da suka harba bindiga, to an riga an gan su, aikin ya lalace. A da wata babba ce mai taya takwas, Luchs, an ajiye ta a 2009. Shi hafsa kuwa sai ya bi ta makarantar hafsoshi a Dresden, jami'ar soja a Hamburg ko Munik wajen shekara huɗu, da horon Munster, kafin a damƙa masa mutane. Kuma ka gaya masa gaskiya: shekarun cikin mota kaɗan ne, sauran tebur ne da canjin gari.

Maman Ummi: Malam Habu ka faɗi na mota, bari in faɗi na gida. Ɗan yayata ni na riƙe shi tun yana firamare. Wannan ɓangaren ya shiga, har ya zama laftana, muka yi walima, baƙar hularsa kowa sai da ya ɗauki hoto da ita. A 2021 aka tura shi Gao a ƙasar Mali. Yana can a watan Yuni aka kai harin mota mai bam da ya raunata sojojin Jamus 12. Ba ya cikinsu, muka yi ta hamdala. Ashe namu raunin ba a jiki yake ba. Ya dawo ba ya barci. Daren sabuwar shekara da ake ta harba wasan wuta, a ɗakin ƙasa na same shi zaune a bayan injin wanki. Ya ce mini, Anti, abin da ya fi damuna, yaran da nake kallo ta na'ura kamar su Ummi suke. Da suka yada zango a Yamai ya ji ana Hausa, ya kasa amsa sallama saboda kakin da ke jikinsa. Matarsa ta yi haƙuri iya haƙuri, ta kwashe kayanta. Ƙarshen 2023 sojojin Jamus suka tattara suka bar Mali, 2024 suka bar Yamai. To lafiyar yaron nan ta tafi a kan me?

Hajiya Bremen: Innalillahi. Allah ya ba shi lafiya Maman Ummi. Yana ganin likita kuwa?

Maman Ummi: Yana gani, da sauƙi yanzu. Amma takardun da muka cike kafin a yarda ciwon daga aikin ne, sai da na tsani akwatin wasiƙa.

Injiniya K.: Allah ya ƙara sauƙi, amma labarin mutum ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙanen matata yana jami'arsu ta Hamburg, sama da Yuro 2,000 ke shiga hannunsa duk wata, asibiti kyauta, jirgin ƙasa kyauta in yana cikin kaki. Wane ɗalibi ke samun haka?

Ɗan Damagaram: Wane 2,000? Ɗan maƙwabcina 1,500 ya ce mini.

Injiniya K.: Wannan ɗan sa-kai ne na 'yan watanni, kuma tun yaushe? Ba layinsu ɗaya da hafsa ba.

Malam Habu: Kan ƙofar fita, Alhaji: a watanni shida na farko yana iya janyewa, amma ku karanta takardar da kyau kafin sa hannu. Bayan nan da wuya. In ya ci karatunsu ya fita, sai ya mayar da kuɗi. Wanda na sani an nemi wajen 30,000 a hannunsa.

Hajiya Bremen: Ni 60,000 na ji, daga bakin uwar yaron.

Zango Boy: Kafin magariba zai kai miliyan.

Maman Ummi: Injiniya, ƙanen matarka ko rairayin Sahara bai taka ba, yana aji yana cin albashi. Ka bari ya dawo daga wani wuri tukuna ka zo ka ba mu shawara.

Injiniya K.: Hajiya da girmanki, ai Mali ta wuce. Yanzu Lituwaniya ake kai su, birged guda ake kafawa a can.

Maman Ummi: Wato bakin iyakar Belarus, ƙawar Rasha. Ka kwantar mini da hankali ƙwarai.

Ustaz Nura: Ba wanda ya taɓo addini. Suna da limaman Kirista, tun 2021 suna da na Yahudawa. Yaron ya tambaye su wa zai je wa in zuciyarsa ta yi nauyi, da yadda zai yi da abinci da azumi a daji.

Baban Sadiƙ: Na gode duka. Malam Habu, ko surukinka zai yarda su yi waya da yaron?

Hajiya Bremen: Ni abin da ke ci mini rai, ko ka sa hannu ko kar ka sa, wata nawa ya rage ya cika 18? Yaran nan da muka haifa a nan sanar da kai suke yi, ba shawara ba. Nawa wasiƙar tambayoyin aikin soja ta zo masa, ya cike ya tura, sai a bakin ƙanwarsa na ji.

Ɗan Damagaram: Laifinmu ne da ba mu kai su gida hutu. Tikitin mutum biyar zuwa Yamai a watan Yuli fa, wa ya duba farashin bana?

Zango Boy: Kar ka duba Alhaji, hawan jini ne. Wa ke tafiya Akara a watan gobe, ina da saƙo kilo uku?