Shirin tseren CCC ga mai zaune a gari marar tsaunuka

Ɗan Gwammaja:
Salamu alaikum. Yanzu Nuwamba muke, kakar tsere ta wuce. Mutum yana son shiga CCC, tseren gudu a kan tsaunukan Turai na ƙarshen Agusta, kilomita kusan 100 daga Kurmayo ta Italiya, ya ratsa Suwizalan ya ƙare a Shamoni ta Faransa, jimillar hawa kuma wajen mita 6,000. Yana Kano, ban da Dala da Goron Dutse kusan babu abin hawa. Yaya zai tsara watannin nan?

Malam Tsauni:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai ka duba batun shiga, domin ƙuri'a ake yi a farkon shekara, kuma sai kana da Running Stone (tikitin shiga ƙuri'ar, da ake samu in an kammala wani tseren kamfanin UTMB mai shirya CCC) ko da ɗaya da makin UTMB Index (makin da ke auna ƙoƙarinka a tserukan baya) mai aiki. Ka ajiye wani tseren na daban da za ka shiga in sunanka bai fito ba.

Idan ka yi dogon tsere kwanan nan, ka huta sati biyu zuwa huɗu, tafiya da keke kawai. Disamba da Janairu na gina ƙarfi ne: ɗaga ƙarfe sau biyu a sati, tsuguno da nauyi, hawa akwati da ƙafa ɗaya, ɗaga dunduniya, kowanne sau 5 zuwa 6 a zagaye huɗu. Gudu kuma kashi 80 cikin ɗari ya zama mai sauƙi, irin wanda za ka iya hira kana yinsa. Kowane sati na huɗu ka rage aiki da kusan kashi ɗaya cikin uku. Dogon gudu biyu a jere, Asabar awa biyar Lahadi awa uku, sai Mayu zuwa Yuli. Masu fara shi tun Janairu su ne ke zuwa da ciwon jijiyar dunduniya kafin damina. A safiyar hunturu mai ƙura sosai, gara injin gudu a cikin ɗaki.

Hajiya Mai Gangara:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni gangara ta fi damuna. Hawa yana da magani a Kano: injin gudu a karkace kashi 15, gudun kilomita 4 a awa, zai ba ka kusan mita 600 a awa ɗaya. Akwati mai tsayin santimita 40 ma, hawa dubu mita 400 ke nan. Gangara kuwa naman gaban cinya take ci, saboda yana miƙewa alhali yana riƙe nauyin jiki, sai ya yi ƙananan tsage-tsage. Bayan ka sauko daga Grand Col Ferret, mashigin tsauni da ke iyakar Italiya da Suwizalan, mai tsayin mita 2,537, gangara ce doguwa, kuma mutane da yawa kan isa Champex, garin Suwizalan da ke wajen tsakiyar tseren, cinya ta ƙi aiki ko da numfashinsu lafiya.

Abin daɗin shi ne jiki na saurin sabawa, kuma kariyar da sabon ke ba cinya na daɗewa makonni. Saukowar matakalar Dala da sauri sau da yawa, sau ɗaya cikin kwana goma, ta isa a farko. Daga Yuni ka je Jos sau biyu ko uku, duwatsun Shere, ka tara saukar mita 1,500 zuwa sama a rana da jakarka da sandunanka na dogarawa. Zuwa na ƙarshe ya kasance sati uku kafin tsere, daga nan sai ragewa.

Baban Iman:
Kada a manta ciki, shi ma atisaye yake so. Ana son giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukari daga abinci kowace awa, da ruwa kusan rabin lita da ɗan gishiri. Fara da giram 40 a dogon gudu, kana ƙara goma-goma. Dabino yana yi, amma da yawansa yana motsa ciki, a haɗa shi da dankali mai gishiri. Ƙuli-ƙuli ya yi nauyi a hawa.

In azumi ya faɗo cikin watannin shiri, a maida gudun bayan buɗa-baki, a bar dogon gudu sai bayan sallah. Zafin Afrilu a Kano ba zai koya maka sanyin dare a kan tsauni ba, don haka rigar ruwa da fitilun goshi biyu da ake wajabtawa, ka gwada su da daddare cikin damina.

Ɗan Gwammaja:
Na gode. Hajiya, sandunan masu naɗewa ne ko masu tsayi ɗaya?

Hajiya Mai Gangara:
Masu naɗewa, su shiga jaka a gangara. Tsayinsu ya zama in ka riƙe a tsaye, gwiwar hannunka ta yi kusurwa 90.