Ɓera ya addabi rumbu, ga kyanwa da kare a gida: in sa magani ko in bari?

Manomin Ringim: Assalamu alaikum. An gama girbi, ɓeraye sun fara huda buhunan wake. Ina da kyanwa mai shayarwa da karen gadi. In zuba maganin ɓera ko akwai wata dabara?

Malamin Dabbobi: Wa alaikumus salam. Maganin iri biyu ne. Baƙin garin nan, zinc phosphide, cikin awanni yake kayar da dabba, ba shi da makari. Mai ƙwayoyi launin shuɗi ko ja kuwa jini yake tsinkawa, sai bayan kwana 3 zuwa 5 za ka ga dadashi ya yi fari, jini a hanci ko a kashi. Shi wannan bitamin K1 ne maganinsa, ana shafe makonni ana bayarwa. Kyanwar da ke cin ɓeran da ya sha guba ita ma tana cikin haɗari. Tarko ka ɗana, waken kuma ka zuba a buhun PICS mai rufi uku.

Baban Yara: In karen ya ci maganin, a ɗura masa manja da madara, shi ke nan.

Malamin Dabbobi: A'a Baba, ɗurar na iya bi ta huhu. A ɗauki dabbar da ledar maganin a tafi da su asibitin dabbobi.

Baban Yara: Tun kafin a haife ka muke kiwo, yaro.

Hajiya Mai Kaji: Ku bar ta rumbu. Masu cusa guba a sauran tuwo su jefar a bola su ne bala'in. Kaji su tsattsaga, kare ya lashe, kafin azahar unguwa ta cika da mushe, ba mai cewa shi ne. Mushen a binne shi da zurfi, kada a jefa a kududdufi.

Ɗan Maigatari: Kyanwa na gida ɓera na rawa? Alhaji sallame ta, albashin banza take ci.

Malamin Dabbobi: Af, kada a ba kyanwa Panadol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka cypermethrin da ake fesa wa shanu don kaska. Karen kuma an yi masa allurar hauka? Daga wata 3, sannan duk shekara.

Ɗan Maigatari: Kyauta ake yinta wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya.

Hajiya Mai Kaji: Wace kyauta? Mu nan sai ka biya kuɗin sirinji da na man babur.

Baban Yara: Allurar ma wa ya san inda ta kwana? Ba wuta ba firji, masu talla kuma sun baje kwalabe a rana ranar kasuwa, wasu ko takarda babu.

Manomin Ringim: To jama'a, tarkon wane iri? Na ƙarfe zai iya kama 'ya'yan kyanwar ai.