Abyaneh a gundumar Barzrud: mutum nawa kuka tarar lokacin da kuka je?

Ɗalibi a Ƙum:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa zuwa Abyaneh ya ba mu labarin yawan mutanen da ya tarar. Ƙauyen yana cikin gundumar karkara ta Barzrud, ƙarƙashin Natanz a lardin Isfahan na ƙasar Iran, a gindin duwatsun Karkas. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna mutum 305 a gidaje 160, wato idan aka raba, ko mutum biyu ba su cika kowane gida ba. Ni da hunturu na je, kuma na yarda da wannan adadi, domin yawancin gidajen jar ƙasa da ke hawa bisa juna a jikin dutse a kulle suke, waɗanda na gani kuwa tsofaffi ne masu shan hantsi a bakin ƙofa.

Wata 'yar uwa daga Damagaram:
Wa alaikumus salam, Malam. Da a ce lokacin Nowruz ka je, sabuwar shekararsu da ke kamawa a ƙarshen Maris, da ba ka gane wurin ba. Mun taso daga Kashan, wani birni da ke kusa da ƙauyen, tare da maigidana, kuma tun kafin mu isa motoci sun cika hanya, lungunan kuma sai an yi turereniya. Amma kusan dukkansu baƙi ne. 'Yan garin ana gane su da shigarsu: mata da farin mayafi mai furanni, maza da baƙin wando mai faɗin ƙafa. Wata tsohuwa da na sayi busasshen tuffa a wurinta ta gaya mini cewa 'ya'yanta duk suna Tehran.

Wani ɗan uwa daga Zariya:
Hajiya ta taɓo inda maganar take. Ni a kwanakin Ashura na je, kuma cikowar da na gani ba ta masu yawon buɗe ido ba ce. 'Ya'yan garin ne da jikokinsu suka dawo daga birane, suka buɗe gidajen iyayensu, da yawansu suka sa tufafin gargajiya don taron. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin mutanen da ƙidaya ta rubuta a Tehran ko Kashan har yanzu suna ɗaukar kansu 'yan Abyaneh, suna gyara rufin gidajensu, kuma manyansu suna magana da tsohon harshen ƙauyen, wanda na kasa fahimta duk da Farisancin da na koya. A ganina adadin 305 gaskiya ne, amma masu kwana a can duk shekara kaɗai ya ƙirga.

Ɗalibi a Ƙum:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Abin da ya rage mini shi ne sauran ƙauyukan kwarin, irin su Hanjan da Tareh, waɗanda mota ke wucewa ba tare da an tsaya ba. Abyaneh tana da baƙi masu kawo mata ciniki, su kuwa sai gonakinsu na tuffa. Akwai wanda ya taɓa sauka a ɗayansu?