Neman shawara: yini guda na tahiyar ƙasa a garuruwan bakin teku na Italiya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa na gurup, ina kwananku ya sanyin damina a Maradi. Don Allah shawara nike nema. Ina Genova ƙasar Italiya wajen wata formasiyo ta sati 3, to ranar Asabar mai zuwa ba mu da aiki shi ne abokan karatuna suka ce mu tahi Cinque Terre, wasu ƙauyuka ne guda 5 a jikin dutse bakin teku, wai za mu taka da ƙafa tun daga Monterosso har Riomaggiore a yini ɗaya. Ni dai na tashi a unguwar Zariya, iyakar tahiyar ƙasata daga gida zuwa babbar kasuwa ne, ban taɓa hawan dutse ba, kuma raina yana so sosai saboda teku ban taɓa ganinta kusa ba sai ta tagar jirgi. Takalmin da na zo da shi silifa ne da wani na ofis, ga hijabi, ga salla. In bi su ko in haƙura?

Wani ɗan Tibiri da ke aiki a La Spezia:
Wa alaikissalam ƙanwata. Shekara ta shida ke nan a nan kuma wurin da kike faɗi minti kaɗan ne daga inda nike a jirgin ƙasa. Ki je, amma kar ki yarda da maganar ƙauyuka 5 da ƙafa. Waɗanda suka ce miki haka taswira suka duba, a taswira kuwa ba a ganin tudu. Daga Monterosso zuwa Vernazza bai kai kilomita 4 ba amma mutum mai lahiya yana cin kusan awa 2, farkon hanyar matakala ce ta dutse wadda za ki ga kamar ba ta ƙarewa, wani wurin kuma siriri ne sai kin manne da bango wani ya wuce. Vernazza zuwa Corniglia shi ma wajen awa ɗaya da rabi. Bayan nan hanyar bakin ruwa ta Corniglia zuwa Manarola ta daɗe a rufe saboda zaizayar ƙasa, mai son tahiya sai ya haura ta Volastra, ita ko hawa ce ta gaske. Shawarata ki yi hanya guda ɗaya daga ƙauye zuwa ƙauye, in ƙarfi ya rage ki ƙara ta biyu, sauran ki hau jirgi. Jirgin yana tsayawa a kowane ƙauye tsakanin La Spezia da Levanto, minti biyar-biyar ne kusan.

Maganar silifa kuma ki manta da ita gaba ɗaya, doka ce ta hana hawa hanyar da ita, tarar tana farawa daga yuro 50, ki lissafa da sefa ya haura jika 32. Gara ki sa rabin kuɗin ki sayi takalmin basket mai kaushin ƙasa, ki fara sa shi tun yau kar ya cije ki ran Asabar.

Wata Hajiya daga Ali Ɗan Sofo:
Ɗiyata ni dai hankalina bai kwanta ba. Karatu aka tura ki, in kika karye a ƙasar mutane wa zai yi jinyarki? Iyayenki sun sani?

Mai tambaya:
Inna na gode da kulawa, na gaya ma Baba jiya ya ce in nemi waɗanda suka san wurin shi ya sa na zo nan. Kuma ba ni kaɗai ba ce mu 6 ne, mata 4.

Wata malamar asibiti:
Inna ki kwantar da hankali, tsofaffin Turawa masu shekara 70 suna bin hanyar nan da sandunansu, ni na je da kaina lokacin da nike karatu a Pisa. Ƙawata abin da ya wahalshe ni gwiwa ce wajen gangara, hawa numfashi kawai yake ci, gangara ita ke sa ƙafa rawa. Na sa doguwar abaya ranar, sau biyu ina taka bakinta a matakala. Ki sa wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa da ƙaramin hijabi mara nauyi, kin suturtu kuma hannuwanki a sake. Ruwa lita ɗaya da rabi a jakar goyo, a cikin ƙauyukan akwai famfo na sha kina iya ƙarawa amma a tsakani kar ki sa rai. Ku fara kafin ƙarfe 8, don in rana ta ɗaga mutane suna cika hanyar kamar ranar kasuwa. Kuma zafinsu ba irin namu ba ne, mu mun saba da busasshe, nasu gumi ne ke tsiyaya ba ya bushewa.

Amma wallahi akwai wani lungu kafin ki sauka Vernazza, kina zagayo dutse sai ga garin a ƙasanki, gidaje ja da ɗorawa da ruwan hoda sun kewaye 'yar tashar kwale-kwale, ruwa shuɗi har iyakar gani. Zama na yi a kan dutse ina ta subhanallah. Duk gefen tudun an gina shi hawa-hawa da duwatsu ba siminti, a nan suke noman inabi da zaitun da lemun tsami, aikin kakanni ne na ɗaruruwan shekaru. Ni jikar manomi ce, na san wahalar huɗa a fili shimfiɗaɗɗe balle a jikin dutse. Shi ya sa UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1997.

Wani ɗalibi:
Anti a ƙara da cewa hanyar ba kyauta ba ce, akwai katin shiga, Cinque Terre Card, ki sayi mai haɗe da jirgi ya fi sauƙi. Kuma ki duba meteyo daren Juma'a, in sun ba da gargaɗin ruwa mai ƙarfi rufe hanyoyin suke. Ba wasa suke ba, a Oktoba 2011 ambaliya da laka sun binne tsakiyar Vernazza da Monterosso har aka rasa rayuka. Lambar gaggawa 112.

Ɗan Tibiri:
Na manta, in kin sauka Corniglia a jirgi garin yana can bisa, matakala sama da 370 ce daga tasha, akwai 'yar bas da ke haurawa ki jira ta. Abinci kuma ki ci soyayyun ƙananan kifi da ake sawa a takarda, ko farinata, garin wani irin wake ne da man zaitun kawai. Burodinsu focaccia ki tambaya ko akwai strutto, kitsen alade ne, wasu masu gashi suna sawa. Salla ki riƙe alwala daga ƙauye, a bisa tsakanin itatuwan zaitun ba ki rasa gefen da za ki shimfiɗa ɗankwali, ni ba wanda ya taɓa ce mini komi.

Hajiya:
To tunda haka ne Allah ya tsare. Ki yi addu'ar hita gida, kuma kar ki matsa bakin rami don hoto.

Mai tambaya:
Amin Inna, na ji in sha Allah. Yaya na gode ƙwarai, anti ke ma haka. Na tura ma abokan nawa, biyu sun ce su dai sai sun yi duka, mu huɗu za mu yi Monterosso zuwa Vernazza mu ci abinci mu huta, sauran a jirgi, mu haɗu da su Manarola da la'asar. Gobe bayan darasi zan je neman takalmin. Yaya jirgin safe daga Genova a wace tasha ya fi, Brignole ko Principe? Masaukinmu ya fi kusa da Brignole.